Shekarar da Auta Ya Karɓi Buhun Baba

Ke Nafisa da ƙannenki, kun tashi kuna jin labarin nan kashi biyu a bakin mutane. Wasu su ce kakanku ya taɓa sa wa ƙarfe albarka a Treichville, a yi ta dariya. Wasu kuma, musamman gwaggwanninku na Saint-Michel da bakinsu ba ya hutawa, su ce uwarku ta samu hanyar Turai ta yi wasa da ita, wai babanku ne ya hana, ko kuma tsoron sanyi. Duka biyun sun taɓo gaskiya sun yar da ita a hanya. Zan gaya muku yadda aka yi, kuma da Hausa zan rubuta, ku zauna ku sha wahalar karantawa. Ni ma ai na sha wahalar Faransancin nan naku da ba a numfashi a cikinsa.

Baba, wato kakanku, ɗan dako ne, kada wani ya gyara muku wannan. Ya sauka tashar Adjamé daga ƙasar Maraɗi yana saurayi, a nan tashar ya fara ɗaukar kayan fasinja, daga baya ya gangara bakin ruwa a Treichville ya shiga wani kamfani da ke ɗura shinkafa a buhu. A can ya yi furfura, har ya zama shugaban 'yan dako. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ina 'yar firamare, ranar da babu lakwal, wato makaranta, Inna takan ɗaura mini kwanon aceke, dambun rogon nan, da kifi in hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, in kai masa. Wata rana na tarar da shi yana fitowa da buhu a ka, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na ɗiga ta gemu. A gidanmu ba a ganin babba da kaya a tsaya, don haka na dire kwanon na ruga na miƙa hannuwa biyu zan karɓa. 'Yan dako suka kwashe da dariya har wani ya zauna a ƙasa. Baba bai yi dariya ba, ya dubo ni daga ƙarƙashin buhun ya ce:

"Wannan ya fi ƙarfinki, Uwata. Je ki lakwal tukuna."

Na je kuwa. Ba zan gajiyar da ku da sunayen makarantu ba, na dai fito da takardar injiniya a fannin sarrafa injuna da kwamfuta, kuma Allah da ikonsa, bayan na yi aiki wurare biyu, sai ga ni a kamfanin da Baba yake. Ofishina yana sama, da gilashi mai kallon rabin filin aiki. A gida ni ce Uwata mai wanke masa hula, a kamfani kuwa da gangan yake cire hular ya ce mini Madam, don dai ya ga na ɓata rai. Da asuba tare muke fita daga Adjamé, mu tsallaka gada a gbaka ɗaya, yana ba kowa labari cewa 'yarsa ce ke ba injuna umarni. Kunya takan kama ni, amma daɗi ya fi kunyar yawa.

Shekarar da nake ba ku labari, rikicin ƙasar nan na farko ya lafa, na zaɓe bai zo ba, kasuwa ta buɗe, sai Daraktan kamfanin ya sayo robo daga Turai. Kada ku ɗauka mutum-mutumi ne mai ido da baki irin na fim. Hannu ne guda ɗaya na ƙarfe, ruwan lemo, ya fi mutum biyu tsawo, an kafe gindinsa a siminti. Aikinsa ya ɗauki buhu daga kan bel mai tafiya da kaya ya jera a kan katako, tsaf, ba gajiya. Kewaye da shi an ja layi rawaya, kuma a kan layin akwai haske siriri da ido ba ya gani. Duk wanda ya keta hasken nan, hannun zai tsaya cak don kada ya buge shi, kuma tada shi aiki ne, sai an duba an danna nan an danna can. Tare da robon aka turo wani Bature mai haɗa shi, mutum mai kirki da son barkono, wanda 'yan dako suka sa wa suna Jan Kunne tun ranar farko.

Ni aka ɗora wa tsara wurin. Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, na gina filin aikin gaba ɗaya a cikin kwamfuta: ga bel, ga hannun, ga 'yan mutane ƙanana suna kai da kawowa, kowa da lambarsa. In na matsar da tebur, sai in saki aikin yini guda ya gudana a allo cikin ɗan lokaci, in ga inda ake cunkushewa. Haka na yi ta gwadawa har na samu tsarin da ya bar wa kowa aiki, wasu a bakin injin ɗinki, wasu wajen jan katako, wasu a lodin kamiyo, manyan motocin kaya. Baba kuwa na zaɓa masa wuri mafi sauƙi, can ƙetaren robon shi kaɗai a inuwa. Ya tsaya yana duba buhunan da ke wucewa, in ya ga wanda ɗinkinsa ya ɓalle ya sauke shi gefe. A allo abin ya yi kyau har Jan Kunne ya tafa mini, ya kuma ce kamfaninsu na neman irina, in aikin nan ya tashi lafiya zai kai sunana.

Aka kunna, sai abu ya ƙi. Robon ya yi aiki kamar minti nawa, sai ya tsaya. A tada shi, can kuma ya tsaya. Na'urar tana rubuta cewa wani ya keta haske, amma ba ta faɗin wane ne, kuma daga gilashina injin ɗinki ya kare mini wannan kusurwar. In muka sauko ni da Jan Kunne muka tsaya, kowa zai ƙame a wurinsa, aiki ya tafi sumul, muna juya baya a koma gidan jiya. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, Hausawa da Julawa da Mosawa, kowa ya ce shi bai ga komai ba. Kai, 'yan dako wajen rufa wa juna asiri ba su da na biyu. Baba ma da na tsare shi a gbaka, cewa ya yi shi buhu aka sa shi ya duba, ba ƙafafun mutane ba.

Ran Darakta ya ɓaci, kamiyoyi na jira a ƙofa. Jan Kunne ya kawo tasa shawarar: a kewaye robon da keji, a ƙara wani bel mai ture buhun da ya lalace da kansa, a sallami 'yan dakon a bar mutum biyu ko uku. Ba mugunta ce ta sa shi ba, a ganinsa mutanen nan ba za su taɓa iya zama da inji ba. Darakta ya dube ni ya ce in zuwa ƙarshen wata ban gano abin da ke faruwa ba, haka za a yi. Na fito daga ofishinsa ina tuna cewa mutanen da ake maganar sallama su ne suka yi mini dariya ina 'yar firamare, kuma su ne suka yi rawa a bikina.

Sai na koma ga abin da na iya. Na tattara duk abin da na'urori suka rubuta tun ranar farko, lokacin kowace tsayawa, nauyin buhu, saurin bel, da wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba, na zuba wa wani shiri na kwamfuta da ke koyo daga misalai. Irin shirin nan ba ka gaya masa amsa, kai dai ka ba shi abin da ya faru, shi zai laluɓo abin da ke tafiya tare da me. Ya laluɓo kuwa. Ya ce kusan duk tsayawa tana zuwa ne jim kaɗan bayan buhu ya ɓalle. Ya kuma ce ranakun da ma'aikaci mai lamba bakwai ba ya nan, kamar ranar da ya je suna Abobo, robon ya wuni yana aiki lafiya lau. Shawararsa a taƙaice ita ce a cire lamba bakwai. Lamba bakwai Baba ne.

Na zauna ina kallon allon nan kamar in fasa shi. Na canza lissafi, na sake zubawa, amsa ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai, na tabbata Baba bai taɓa taka layin nan ba, don wurinsa ba ya buƙatar haka, kuma mutum ne da ko tabarmar wani ba ya takawa. Amma ga shi ƙarfe da lissafi sun haɗu sun nuna ubana. In na kai wa Darakta wannan, na kori Baba da hannuna. In na ɓoye, a kore su duka har da shi. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, babanku yana ta tambayata ko ciki ne.

Ranar Lahadi da la'asar muka je gidan su Inna kamar kullum. Tsakar gidan cike, Inna na zaune ta baza aceke a faranti tana cuɗawa da mai, rediyo na yi, maƙwabciyarmu Bajula tana soya ayaba, wato aloko. Ina zaune a kujera da takalmi mai tsini, hankalina na Treichville. Sai gas ɗin Inna ya ƙare, Baba ya miƙe daga tabarmarsa can ɗaya gefen, ya sunkuya zai ɗauki tukunyar gas ɗin. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na bi ta hanya mafi kusa, wato ta kan farantin Inna, tsinin takalmina ya kama bakinsa, aceke ya watse har cikin rariya. Babanku ma ya taso daga nasa gefen, muka yi karo a kan tukunyar. Inna ta riƙe haɓa ta ce:

"Ku dai in tsohon nan ya sunkuya, ko wuta ce a gabanku sai kun taka. Yanzu me za mu ci?"

Na tsaya da hannu ɗaya a kan tukunyar gas, ina kallon sawun takalmina a cikin aceke. Sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa, har da hawaye, Inna na cewa an shiga uku, boko ya taɓa yarinyar. Na juya na tambayi Baba, in ya sunkuya zai sauke buhun da ya ɓalle, wa ke zuwa ya karɓa. Ya gyara hula, sannan ya ce duk wanda ya riga gani. Na ce ta ina suke biyowa. Ya ce to, ta ina kika biyo yanzu?

Ashe ni da kaina na raba tsoho da yaransa, na sa robo a tsakani. 'Yan mutanen da na zana a kwamfuta ba su da uba ba su da wa, kowa lambarsa kawai ya sani, tsoho zai iya faɗuwa da buhu a gabansu ba wanda zai motsa. Na Treichville kuwa an yi musu tarbiyya. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba da ta nuna Baba, dalilin ne ba ta da hanyar sani.

Washegari na tara su kafin a kunna inji, na ce na gane, kuma ba wanda za a hukunta, amma don Allah a daina. Baba ma ya tsawatar, ya ce shi ba gurgu ba ne. Akwai wani Sumaila, ƙato, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya fi kowa gudun nan. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Madam, ba taurin kai ba ne. Kafin in tuna da layin, ƙafata ta riga ta tafi. Kuma gaskiya ko korata za a yi, ba zan tsaya hannu sake ina kallon Baba da buhu ba."

Ban yi musu da shi ba, ni da na zubar da abincin gida guda jiya. Ranar ma kafin azahar robon ya tsaya sau da yawa. Na ga cewa hana su ɓata baki ne, kuma can cikin raina ba na so su hanu.

Don haka na koma sama na yi abin da ban taɓa jin wani malaminmu ya yi ba. Na ba kowane ɗan mutum na cikin kwamfuta shekaru. Na rubuta masa doka guda: in wanda ya girme ka ya ɗauki kaya kana gani, bi hanya mafi kusa ka karɓa. Na saki aikin. Jama'a, sai ga 'yan mutanen nan suna ta tsallake layi a guje, hannun yana tsayawa, daidai yadda yake yi a ƙasa, kusan a lokuta iri ɗaya. Na yi ta dariya ni kaɗai a ofis har mai shara ta leƙo. Ban taɓa jin daɗin ganin abu ya lalace irin na ranar ba, don yanzu kwamfutata ta san mutanena.

Daga nan na bar ta ta yi ta jujjuya wurin da kanta, ta matsar da tebur, ta sauya wa mutane matsayi, ta gwada dubban tsari tana ajiye wanda ya fi. Na kuma buɗe mata wata ƙofa da da na rufe, wato ta iya ba robon kowane aikin ɗauka, ba jerawa kaɗai ba. Tsarin da ya yi nasara ya ba ni mamaki don sauƙinsa. A dawo da Baba gefen da yaransa suke, dab da layi amma a waje, a sa masa maɓalli a hannu. In ya ga buhu ya ɓalle ba zai sunkuya ba, zai danna, buhun ya shiga ciki, hannun ƙarfen ya ɗauke shi ya ajiye gefe. Da na yi wa Inna bayani da yamma, ba ta ga abin mamaki ba. Ta ce dama wa ya zo gidan daga baya, ba ƙarfen ba? Ai shi ne auta, shi ya kamata ya karɓa tun farko.

Ranar da na kai wa Darakta tsarin, Jan Kunne na zaune. Ya nuna, kuma da gaskiyarsa, cewa kejinsa ya fi nawa sauri kaɗan, tunda a nawa hannun yana ɓata lokaci wajen ɗaukar buhunan da suka lalace. Dama kafin mu shiga ya ja ni gefe ya ce kamfaninsu ya amsa, wuri na jirana, kada in ɓata rawata a kan wannan. Na san abin da yake nufi, in na goyi bayan tsarinsa kamfaninsu zai sayar da ƙarin kaya, ni kuma in hau jirgi. Ina son tafiyar nan, kada ku ji an ce ba na so. Na riga na fara tambayar kuɗin makarantarki a can, Nafisa. Amma na kunna allon, na nuna wa Darakta 'yan mutanena suna gudu, na ce masa waɗannan ba marasa jin magana ba ne, mutane ne da ba sa barin wani da kaya shi kaɗai, kuma ranar da inji ya lalace ko wuta ta ɗauke, irinsu zai nema. Darakta ya daɗe yana kallo, yana murmushi, sannan ya ce a gwada nawa. Jan Kunne ya ba ni hannu, muka rabu lafiya, maganar Turai kuwa ba ta sake tashi ba. Ga yadda aka yi, babanku bai hana ni komai ba, shi ma har ya sayi rigar sanyi a kasuwar Adjamé.

Safiyar gwaji na sauko da akwatin sarrafawa a hannu, na tsaya bayan robon, ta inda zan iya tsayar da shi in wani abu ya faru. Na rage masa sauri wajen ɗaukar buhun Baba, don ya sauko a hankali. Aka kunna bel. Buhuna suka yi ta wucewa, ni kuwa ina addu'a wani ya ɓalle, abin da ban taɓa roƙo ba. Can sai ga shi, baki buɗe, shinkafa na zuba. Na ga bayan Baba ya fara lanƙwasa don sabo, na ga ƙafar Sumaila ta ɗaga. Sai Baba ya tuna, ya danna. Hannun ya juyo, ya sauko, ya tallabi buhun ya ajiye shi gefe, ya koma aikinsa. Sumaila ya mayar da ƙafarsa ƙasa, ya dubi sauran ya ce Auta ya riga shi. Wurin ya kaure da dariya da tafi, kuma daga ranar ba wanda ya sake kiran injin nan robo. Ya wuni bai tsaya ba, ba a sallami kowa ba, Baba kuma ya ci gaba da aikinsa har ya ajiye don kansa, aka yanka masa rago a bakin kamfani.

A cikin tafin nan ne Baba ya ɗaga murya ya ce Allah ya yi albarka, yadda yake gaya wa duk wanda ya karɓe shi. Mutane suka ɗauka da ƙarfen yake, shi ne labarin da ya zagaya Treichville ya hau gbaka ya iso Adjamé kafin mu iso. Shi ma bai taɓa gyara musu ba, yana jin daɗin dariyar. Amma ni ina tsaye a bayan hannun, kuma na ga inda idonsa yake. Da aka tashi, muna tafiya bakin titi neman mota, na miƙa hannu na karɓi kwanon abincinsa. Ya sakar mini, muka ɗan taka, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Kin daɗe a lakwal ɗin nan, Uwata. Amma kin zo kin karɓa."